Takardar Takwara

An yi wani bawan Allah a wani gari, shekarun baya, kuma kada ku zaci dattijo ne mai furfura. Yaro ne kamarku, ɗan aji uku a ƙaramar sakandare, sunansa Zubairu Tanimu. Ku na baya can, ku saurara, da ku nake.

A ajin nan nasu akwai wani Zubairu Tanimun. Suna ɗaya, sunan uba ɗaya, alhali ko dangi ba su haɗa ba. Da malamai suka gaji da ruɗewa sai suka raba su da tsayi, wannan Dogo, wancan Gajere. Namu shi ne Gajere. Su kuwa a tsakaninsu ba sa kiran juna sai "takwara".

To a garin nan, ɗan ƙaramar sakandare gajeren wando yake sawa, sai ya shiga aji huɗu yake samun dogo. Burin kowane yaro kuma bai wuce makarantar kwana ta kimiyya ba, wadda ke ɗaukar yaro ɗaya tak daga makarantarsu.

Aka yi jarrabawa, aka yi ta jira. Ran nan sai ga takarda ta iso: an ɗauki Zubairu Tanimu. Shugaban makaranta, Malam Ɗanjuma, ya duba taga ya hango Gajere yana wucewa. Da ma ya san yaron da ƙoƙari, sai ya miƙa masa kawai.

Zo ku ga murna! Mahaifiyarsa Inna Talatu, mai tuyar ƙosai, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito ba takalmi. Ranar ƙosai kyauta aka ci a layin. Washegari ta ja shi wurin Sallau tela a ɗinka masa dogon wando. Kun san halin iyayenmu mata. Ta ce, "Sallau, ka ƙara masa tsayi sosai, yaro girma yake yi." Sallau ya ƙara, ya ƙara, har da Zubairu ya gwada wandon sai ƙafafunsa suka ɓace, kamar an zura akuya a buhu.

Yana zaune da wandon nan yana sake karanta takardarsa, karo na ashirin, sai idonsa ya sauka kan lambar jarrabawa. Sha huɗu. Ya sake dubawa. Lambarsa arba'in da ɗaya ce, kwana tara yana rubuta ta a kan kowace takarda. Sha huɗu ta takwaransa ce.

Ku saurara da kyau. Malam bai lura ba. Inna ba ta karatun boko. Dogo kuwa ya riga ya haƙura, har babansa ya ce tunda bai ci ba, ranar Asabar zai kai shi birni koyon kanikanci. Babu wanda ya sani, sai Zubairu da Ubangijinsa. Shaiɗan ya matso ya ce, "Sunanka ne fa a rubuce. Ƙaryar me ka yi?" Kun ji yadda yake zuwa ko? Da magana mai kama da gaskiya yake zuwa.

Yaron nan ya yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, don yana son makarantar har cikin ransa, kuma yana jin kunyar uwarsa. Amma ya tashi ya same ta a bakin kasko.

"Inna, takardar nan ba tawa ba ce. Ta takwara ce."

"Wane irin ba taka ba? Bayan na gaya wa duniya?"

"Sunan namu ne mu biyu, Inna. Lambar tasa ce."

Inna Talatu ta juyo ta dube shi, ƙosai na ƙonewa a kasko. Can ta ce, "Wa ya sani?"

"Ni."

Ta kwashe ƙosanta, ta goge hannu, ta ce, "To ya isa. Ɗauko min mayafina. Ka naɗo wandon ma."

Suka biya wurin Malam Ɗanjuma. Ya buɗe rajista, ya dafe kai, ya yi ta salati. Daga nan suka wuce gidan su Dogo, suka tarar har an ɗaure masa kaya a jaka. Zubairu ya miƙa takarda ya ce, "Takwara, kwance kayan nan. Kai ka ci."

Dogo ya dubi takardar, ya dube su. Inna ta ce, "Kai, bar kallonmu, gwada wandon nan." Ya shiga ɗaki ya fito. Jama'a, wando ya zauna masa cif, kamar da shi aka je awo! Inna ta tuntsire da dariya ta ce, "Ashe tun a shagon Sallau aka san mai shi, ni ce ban gane ba." Ta sake rangaɗa guɗa, ta fi ta farko ƙarfi.

Zubairu Gajere ya shiga aji huɗu a makarantar jeka-ka-dawo ta cikin gari, sanye da dogon wandon da baban Dogo ya ɗinka masa, daidai ƙafarsa. Bai je makarantar kimiyya ba. Amma har ya tsufa a garin nan, idan magana ta rikice tsakanin mutum biyu, cewa ake a kira Gajere, abin da ya faɗa shi ke nan.

To 'ya'yana, ga ku nan kun gama aji uku, kowa na hangen babbar sakandare. Abin da nake so ku riƙe shi ne, gaskiya ita ce ka mayar da abin da ba naka ba a ranar da babu mai tambayarka. Za a miƙo muku abubuwa da yawa a gaba: maki, matsayi, yabo, har da sunanku a jiki. Kafin ku sa hannu, ku duba lambar. In ba taku ba ce, ku kai wa mai ita, ko da Inna ta riga ta yi guɗa. Allah Ya ba mu ikon yin haka, Ya sa ku shiga aji huɗu da ƙafar dama.