Tumatirin Da Ya Saba Da Rana

Tambaya kuma, Afiniki? Kwana biyar kina kallona ina fitar da daron tsiron nan rana, ina mayar da shi inuwa, ba ki taɓa kama mini ba, sai yau bakinki ya buɗe da "Kaka, don me?" A zamaninmu yaro da ido yake tambaya. To, matso. Kai ma Filibus, bar jan wutsiyar akuyar nan ka saurara.

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi. Da lambun yake ciyar da gidansa duk rani. Da damina ta ɗauke, sai ya yafa irin tumatir a bayan ɗakinsa, ya kafa masa rumfa, ya rufe da zana mai kauri. Iri ya tsiro, mutumin kuwa ya ƙaunace shi ƙwarai. Sau uku yake ba shi ruwa a yini. In kaza ta doso ya jefe ta, in iska ta taso ya kare da tabarma. Tsiron ya yi tsawo, ya yi laushi luɓus, har mutumin yana kiran masu wucewa su zo su gani.

Wata rana matarsa ta ce, "Maigida, ɗan sam mini in rena nawa." Ya tsince mata ƙananan da ya raina, ta jera su a tsohon daro mai huji. Da suka kama, ta fitar da su ranar safe, kafin hantsi ta mayar inuwa. Kashegari ta ƙara musu lokaci kaɗan, gata ta ƙara. Ruwa ma ta rage, sau ɗaya tak. Kafin kwana goma suna wuni a waje, suna kwana a waje. Suka zama gajeru, kara ya yi kauri, ganye ya yi kaushi.

Mutumin ya duba ya kwashe da dariya. "Uwargida, reno kike yi ko shanya? In kuɓewa kike so ki busar, ai sai ki faɗa."

Ta ce, "Kai dai ci gaba da lallashin naka. Saura ka goya su da zane."

Ranar dashe ta zo. Mutumin ya kwashe nasa duka da sassafe, ya dasa a lambu, yana waƙa. Da rana ta take, sai ya ga sun sunkuyar da kai. Ya ɗebo ruwa ya zuba, ya ƙara zubawa. Kashegari sun kwanta a ƙasa kamar an dafa su. Iri ya ƙare, lokacin yafa wani kuma ya wuce. Ya zauna a bakin rafi, hula a gwiwa, yana tunanin abin da yaransa za su ci.

Da yamma ta yi sanyi, sai ga matarsa tafe da daro a ka.

Ta ce, "Tashi, maigida. Ga 'yan shanyata sun zo yi maka jaje."

Ya tashi. Suka dasa su tare kafin rana ta faɗi. Kashegari da tsakar rana ya leƙa. Ganyen ya ɗan lanƙwashe, amma ko ɗaya bai kwanta ba. Da yamma kuwa duk sun miƙe tsaye cak. Mutumin nan ya sheƙa gida a guje, takalmi ɗaya ya bari a hanya.

"Uwargida! Sun tsaya! Sun tsaya!"

Ta ce, "Me zai hana? Su da rana ai an saba."

A ranin nan gidan bai rasa miya ba. Kwandon fari kuwa shi da kansa ya ɗauka a ka zuwa majami'a, yana rawa, matarsa tana bayansa tana guɗa.

Ma'anar wannan misali ita ce: tsiron nan ku ne. Rumfa gida ce, rana kuwa duniya ce, da zafinta da iskarta. Mutumin ba mugu ba ne, ƙauna ce ta rufe masa ido, ya manta ba a inuwa tumatir yake 'ya'ya ba. Allah ba haka yake renon nasa ba. Yakan fitar da mu kaɗan kaɗan, yau wahala 'yar ƙarama, gobe wadda ta ɗara ta, yana tsaye kusa, ya san lokacin da zai mayar da mu inuwa.

Saboda haka, Afiniki, ran da na tsayar da ke gaban jama'a ki rera waƙa, ba ƙinki nake yi ba. Ranar safe ce. Ni ban shiga aji ba, amma 'ya'ya bakwai na dasa, duk suna tsaye, ku tambayi ubanku. Ku ma za ku tsaya, ku ba da 'ya'ya har kwando ya kasa.

To, ya isa. A wanke ƙafa, a yi addu'a, kowa ya nufi tabarmarsa. Kada in ji ko tari.