Koren Dutsen Ah Kuy

Akwai wani farke a ƙasar Maya mai suna Ah Kuy, mai kai gishiri kan tudu ya dawo da 'ya'yan koko na yin cakulan. Arziki kam akwai, amma girman kai ya fi arzikin yawa.

A al'adar mutanen Maya, in mutum zai mutu sai wani ya sa masa ƙwayar koren dutse a baki. Da ita zai gai da Tsoho Mai Hular Mujiya, ubangijin fatake da na ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya je baki wayam, a ƙofar lahira zai dawwama.

Wata tafiya, zazzaɓi ya kayar da Chuk, dattijo cikin 'yan dakon Ah Kuy. Ƙanen Chuk, Pol, ya durƙusa.

"Maigida, ƙwaya ɗaya tak. Ga su nan cike da sarƙar wuyanka."

Ah Kuy ya busa hayaƙin taba. "Koren dutse a bakin ɗan dako? Duk wanda ya taɓa sarƙar nan, sai na sa an sare masa hannu. Ku ɗauki kaya!"

Haka aka bar Chuk a gindin bishiya, ya cika baki wayam.

Da damina ta zagayo, a hanyar nan dai, Ah Kuy ya zame daga kan dutse, wuyansa ya karye. Ido na gani, baki na magana, amma hannu ko motsi. Ga sarƙar kwance a ƙirjinsa, dab da haɓarsa. Ya miƙa harshe, ya miƙa, ina!

Tsoro ya kama shi, wayyo, har da hawaye.

"Pol, ɗan'uwana, ciro ɗaya ka sa min."

"Yau ni ne ɗan'uwa?" in ji Pol. "Maigida, ina son hannuna. Kai ka hana."

"Na janye! Ku kwashe sauran duka!"

"Mu kai su ina? Wanda ya buƙata yana can bakin ƙofa tun bara. In ka isa, ka gaishe min da shi."

'Yan dakon suka ɗaura igiyar kaya a goshi, suka wuce. Ah Kuy yana ta kiran sunayensu, sai ya tarar rabinsu ma bai san sunansu ba.

Darasi: Akwai ranar da dukiyarka za ta kasance a ƙirjinka, amma sai da hannun wani za ta amfane ka. Kada ka wulaƙanta hannun da ke ɗaukar maka kaya. Ku tura wa wasu su ma su karanta.