Ƙwaya Bakwai a Gwangwanin Maɓallai

Akwai wata tsohuwar tela da ake kira Inna Mai Keke, mace ce da ba a juya ta. Jikanta ɗan shekara biyu, wanda take tsokana da "Angona", gudawa ta kama shi har idanunsa suka faɗa.

A asibiti wata nas, yarinya ƙarama, ta ba su ruwan gishiri da sukari, da katin maganin zinki mai ƙwaya goma.

"Inna, ɗaya kullum, kwana goma cif. Ko gudawar ta tsaya kada a daina, yana taimaka wa hanji ya warke."

"Ke 'yar nan, na yaye shida kafin a haifi uwarki."

Kwana uku gudawa ta tsaya. Angona ya koma wasa a ƙarƙashin keken ɗinki. Da uwarsa ta ɗauko katin, Inna ta fizge.

"Mai lafiya ake ɗura wa magani? A ajiye don wata rana." Ta jefa shi cikin gwangwanin maɓallai.

Bayan mako biyar ciwon ya dawo, da zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Aka kwantar da yaron, roba a hanci, ƙarin ruwa a hannu. Nas ɗin nan ce dai.

"Ya shanye goman?"

Uwar ta sunkuyar da kai. Inna ta dubi bango.

Kwana huɗu ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Inna ta tare nas a bakin ƙofa. "Gaya min gaskiya. Da ya shanye, da ya rayu?"

"Ban sani ba, Inna. Allah kaɗai ya sani."

Wannan "ban sani ba" ita ce ta ƙi sakinta. Surukarta, uwar yaron, ba ta taɓa ce mata uffan ba, kullum sai ta gaishe ta har ƙasa. Gara ma zagi.

Shekara takwas ke nan. Duk lokacin da ta buɗe gwangwanin neman maɓalli, katin na nan: rami uku, ƙwaya bakwai. In za ta taka keke kuwa, sai ta leƙa ƙasa tukuna, kada ta take ɗan yatsan da ba ya nan.

Darasi: Tsayawar gudawa ba ita ce warkewa ba. In an ce kwana goma, ku cika goma, kada furfura ta hana ku jin maganar mai sani. Ku tura wa duk mai ƙaramin yaro a gida.