Wandon Jatau Masaƙi

An ce a zamanin da an yi wani sarki, Barmo, mai son talakawansa, sai dai akwai saurin hukunci. Kullum ya fita sai ya ga majiya ƙarfi jibge a gindin itatuwa, ba aikin fari balle na baƙi. Ya tambayi fadawa, suka ce, "Zaman kashe wando ne, ranka ya daɗe."

Sarki ya riƙe maganar nan kam. Ya sa aka yi shela: duk wanda aka samu wandonsa ya mutu ta wajen zama, a kore shi daga gari.

Dogarai suka bi unguwanni suna juya mutane. Cikin waɗanda aka kamo har da Jatau masaƙi, dattijon da bai taɓa kwana a wata ƙasa ba. Abin tausayi, yana tsaye yana rufe faci da hannu biyu.

Waziri Ƙosau ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ko ɓarawo akan ji ta bakinsa."

Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Zaki, shekara talatin ina kashe wando a bakin masaƙa, ba wanda ya ce kanzil. Wannan kuwa jira ne ya kashe shi. Tun da fatake suka fara kwashe audugarmu, mata suka ajiye mazari, marina ta bushe. In ka kore ni, ina zan nufa da tsufan nan?"

Waziri ya ce, "In sarki ya yarda, a tambayi madugu asalin wandon da ke jikin sarki."

Aka kira madugu, shugaban fatake. Ya ce, "Audugar ƙasar nan ce, ranka ya daɗe. Mukan kai ta hayin kogi, su saƙa, su rina, mu dawo da ita."

Sarki ya daɗe yana kallon wandonsa, kunya ta rufe shi. Can ya ce, "Ashe nawa wandon ne ya kashe na Jatau."

Nan take ya soke shelar. Ya ce daga yau auduga ba ta fita sai ta zama tufa, fatake su riƙa ɗaukar tufar. Kowane masaƙi da marini ya ɗauki mutum uku daga gindin itace, rumbun fada ya ciyar da su har hannunsu ya faɗa.

Da shekara ta zagayo, Jatau ya kawo wa sarki gaisuwar saƙi. Ya juya zai tafi, sarki ya hangi sabon faci, ya yi dariya.

"Jatau, ya sake mutuwa?"

"Ya mutu, Zaki," in ji Jatau, "amma a bakin aiki."