Ɗaurin Jar Roba

An yi wani mutum a Jega, bakaniken babura, yana da rumfa a bakin titi. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye. Allah ya ba shi hannu, ya 'yan uwa. Da jin kukan inji zai gaya maka ciwonsa. Amma akwai aiki ɗaya da ya raina, shi ne birkin gaba na tsohon babur idan ya fara yoyon mai.

Masu sana'ar sun san gyaran. A kwance, a wanke, a canza robar da ta mutu ko tiyon da ya tsage, a zuba man birki, a fitar da iska. Aiki ne mai cin lokaci, shi kuwa ga babura sun yi layi. Sai ya samo gajeriyar hanya. Ya yanko tsohon tib ɗin taya ja, ya naɗe wurin yoyon tamau, ya cika da ruwan sabulu maimakon man birki, ya goge da tsumma. Birki ya kama a ranar, mai babur ya yi godiya. Shi kuma ya ce, "Tafi abinka, Allah shi tsare."

Kun ji? Ya ɓoye aibu, sannan ya rufe da sunan Allah. In zuciyarsa ta motsa sai ya ce ai akwai birkin baya. Shekaru yana haka, bai taɓa jin an ce wani ya faɗi ba. To wa zai dawo daga ƙauye ya gaya masa?

Rannan aka yi masa rasuwa a Aliero, lokacin kwasar albasa, hanya cike da manyan motoci. Nasa babur na hannun wani, sai ya tare ɗan kabu-kabu mai babur. Wani magidanci ne daga Liba, sunansa Aminullahi. Bakaniken ya hau baya, suka kama hanya.

Sun yi nisa sai Aminullahi ya ce, "Baba, ba ka gane ni ba? Ai kai ka gyara min birkin ga. Tun ran nan ban sake duba shi ba, don an ce aikinka ba a bin bayanshi."

Mutumin nan ya leƙa ta kafaɗarsa. Ga jar roba nan a gefen tayar gaba, ɗaurin hannunsa, ta jiƙe ta yi baƙi-baƙi. Ya dubi ƙeyar Aminullahi, bai tuna shi ba. Yaushe ya zo? Wancan watan ne, ko tun damina? Saura ruwa a ciki, ko ya tsiyaye? Kansa ya ɗaure.

Kalma ɗaya ta isa, ya 'yan uwa. Ita ce tsaya. Amma in ya ce tsaya, za a ce don me. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Yi a hankali dai." Aminullahi ya yi dariya ya ce, "Kada ka ji komi, Baba, ina da birki."

Ni har yau na kasa gane wannan wurin. Mutum ya ga mutuwa da idonsa, ransa ma yana kan babur ɗin, amma kunyar ɗan Adam ta fi ƙarfinsa. Wace irin kunya ce wannan?

Dab da Aliero wata motar albasa ta tsaya a gabansu ba zato. Aminullahi ya taka na baya, taya ta ja ƙasa, nauyin mutum biyu ya rinjaye ta. Ya damƙe na gaba. Hannun birkin ya tafi har ƙarshe, babu komai a ciki.

Aminullahi bai kai asibiti ba. Ya bar matarsa Salma da goyo. Shi bakaniken ya tashi, amma hannunsa na dama bai sake riƙe sifana ba. Rumfa ta mutu.

Hannun ma ba shi ne babban abin ba. Da ya warke ya je wurin wani malami ya ce yana son tuba. Malam ya ce, haƙƙin mutane ne, sai ka nemo su ka gaya musu. Ya ce, su wa? Su nawa? Bai san suna ba, bai riƙe fuska ba. Wasu a Sarandosa, wasu a Jiga Birni, wasu sun sayar da babur ɗin, wanda ya saya ma ya sayar.

Yanzu in kun bi ta Jega za ku gan shi a bakin titi. Ba ya kallon fuskar kowa, tayar gaba yake kallo. Yana ɗaga hannun hagu yana cewa, "Tsaya! Tsaya in duba!" Masu babur suna kauce masa, sun ɗauka taɓin hankali ne. Kalmar da ya hana mutum ɗaya, yau yana rabon ta ga kowa, ba mai karɓa.

Ya 'yan uwa, duk wanda aka miƙa wa aiki, amana aka miƙa masa. Kai mai gini, kai mai sayar da magani, kai mai sa ruɓaɓɓiyar albasa a ƙasan buhu, ina taka jar robar take yawo yau? In ka san mai ita, je ka faɗa masa tun yana iya jin ka.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya jiƙan Aminullahi, ya raya marayansa. Allah kada ka ɗora mana haƙƙin da ba mu san mai shi ba. Amin.