Hajiya Sake-Kira da Kekunan Ɗinkin Amana

Akwai wata mata mai kamfanin ajiya da jigilar kaya, wadda ma'aikatanta ke yi wa laƙabi da Hajiya Sake-Kira. In ka tambaye su aibinta, za su ce taurin kai da rashin yarda da mutane. Ita kuwa ko a jikinta.

Da aka sa musu wayoyin ofis masu aiki da intanet, kowa murna yake yi an samu sauƙi. Ita ta tsare injiniyan da ya sa su da tambaya.

"Wannan lambar da ke fitowa a fuskar waya, tana iya yin ƙarya?"

"Tana iyawa, Hajiya. In ɓarawo ya samu lambar sirrin layi, zai kira daga ko'ina, a ga kamar daga ofis ne."

Nan take ta sa kowa ya canza lambar sirrin da wayarsa ta zo da ita, aka rufe layukan waɗanda suka bar aiki. Sannan ta kafa doka: duk wanda aka kira aka ce ya saki kaya, ya ajiye wayar, ya sake kiran mai umarnin ta wayarsa ta hannu.

Ƙaninta, wanda shi ne manaja, ya ce, "Haba Yaya, sai ka ce gidan soja! Ni ma sai an bincike ni?"

"Har ni da na haifi kamfanin," in ji ta.

Ya yi dariya ya fita. Lambar sirrin tasa kuwa bai canza ba, wai doguwar lamba ba ta zama masa a kai.

Wata rana da hantsi Hajiya tana layin ganin likitan ido, wayarta ta yi ƙara. Mai kula da sito ne.

"Hajiya, an kira daga layin Manaja, wai ya ce a loda kekunan ɗinkin ƙungiyar matan nan, masu su sun turo mota. Ga motar a ƙofa, direba sai masifa yake yi. Na kira Manaja bai ɗauka ba."

Kekunan nan amana ne. Matan sun daɗe suna haɗa guminsu kafin su saye su, kuma a hannunta suka damƙa su har shagonsu ya kammala.

"Muryarsa ka ji?"

"A'a, wani ne ya ce shi ya sa shi. Amma lambar ofishinsa ce, wallahi."

"Lamba ba ta da baki. Ka ce wa direba ya zauna ya sha ruwa, ina zuwa. Ko allura kada ta fita."

Ta kira shugabar matan. Matar ta ce, "Wace mota? Mu da ko rufin shago ba mu gama ba!"

Kafin Hajiya ta iso, direban ya ce zai je ya gyara fakin, bai dawo ba. Injiniya ya duba ya tarar ta layin Manaja aka shiga, da tsohuwar lambar sirrin nan da duk mai irin wayar ya sani.

Manaja ya shigo kansa a ƙasa. "Yaya, na ga kiran mai kula da sito. Na ɗauka damun nan ne na kullum."

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta kai shi cikin sito, ta nuna masa kwalayen kekunan a jere, kowane da sunan mai shi.

"Karanta. Waɗannan za ka je ka yi wa bayanin cewa kanka ba ya riƙe doguwar lamba."

Ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, "A kira min injiniya."

"Ka kira shi da kanka," ta ce. "In ya ajiye ya sake kiranka, ka ɗauka."

Darasin a nan shi ne, wayar intanet ƙofa ce kamar ƙofar sito, dole a yi mata makulli. Ka canza lambar sirrin da ta zo da ita, ka rufe layin da ba mai shi, kada kuma ka saki kayan mutane don lambar da ka sani ta fito a waya. Mai bincike ba ya raina ka, amanar da ke wuyansa yake tsarewa.