Fom Arba'in da Uku, Lambar Waya Ɗaya

Akwai wani bawan Allah a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, sunansa Dikko, wanda ya shekara tara yana yawo da takardar difloma a cikin leda. Duk inda aka ce ana ɗaukar ma'aikata sai ka gan shi a bakin ƙofa, har masu gadi suka daina tambayarsa wa yake nema.

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa Kebbi ne, lokacin jihar ma ba ta daɗe da tsayawa da ƙafarta ba. Wani ofishi mai tattara alƙaluma, wanda ba zan kama sunansa ba, ya ɗebi mutum ashirin aikin wucin gadi na mako biyu. Aikinsu su shiga kasuwanni su tambayi 'yan kasuwa: wa ke da waya, wa ke da kwamfuta, wa ya taɓa aika saƙo ta intanet. Daga baya a haɗa amsoshin a ce cikin kowane ɗari, mutum kaza ne ke ciniki da waya. Da irin wannan lissafi ake sanin garin da ya kamata a kafa wa turken sabis.

An yi musu alkawari cewa mutum biyar da aikinsu ya fi kyau za a ba su aikin dindindin. Sai dai ofishin ba ya ɗaukar wanda ya cika shekara talatin da biyar, Dikko kuwa saura masa wata biyu.

Ranar da zai tafi ya ce wa matarsa Rauda, "Wagga ita ta ta ƙarshe. In ta wuce ni, sai dai in naɗe takardar ga in aje."

Ta ce, "Allah shi ba ka sa'a, Malam."

Shugaban aikin, Malam Faruk, mutum ne mai ji da kansa. Shi ya tsara fom ɗin, kuma yana kallonsa kamar ɗan da ya haifa. Ya ja musu kunne: "Tambaya ta hwarko, kana da waya taka ta kanka? In yac ce a'a, ku tsallake shafi biyu, ku tai ƙarshe ku rubuta sunanshi da lambar da za a same shi, in akwai. Kar wanda ya ƙara min nashi ilimi."

Aka ba kowa fom sittin. Aka tura Dikko Argungu tare da wani mai suna Tamba. Tamba ya samu shagunan bakin titi, Dikko kuma aka ba shi ɓangaren masu shinkafa, albasa da busasshen kifi.

Tun ranar farko ya gane ya shiga uku. Da zarar an hango shi da biro da takarda, sai kowa ya tsuke fuska. Alhaji Labbo, babban masu shinkafa, ko gaisuwarsa bai gama amsawa ba ya ce, "Mi kaka son sani? Ba mu da waya, ba mu da kwamfuta, ba mu da komi. Bara wani ya zaka da littahi hakanga, wata guda ba a yi ba anka ƙara muna haraji."

Dikko ya yi rantsuwa, ya nuna katin aiki, ya yi bayani har bakinsa ya bushe. A banza. Kwana uku yana zagaya rumfuna cikin rana, fom huɗu kacal ya cika.

Da yammacin rana ta uku ya tarar da Tamba a gindin darbejiya kusa da tasha, ya miƙe ƙafa, ga shayi a gefe, yana cika fom na arba'in. Ko shago ɗaya bai leƙa ba. Sunaye daga kansa, lambobi daga kansa.

Tamba ya yi dariya ya ce, "Kai dai kana son wahala. Wa za ya bi sawu? Zamna nan, kahin magariba ka gama ashirin."

Ba zan ɓoye muku ba, Dikko ya zauna. Ya zaro fom, ya ɗora biro, har ya rubuta "Alhaji". Ya tuna wata biyun nan, ya tuna fuskar Rauda. Ya daɗe yana kallon kalmar. Daga nan ya ja layi ya soke ta, ya tashi ya tafi, ƙwalla cike da idonsa. Bai ji shi wani gwarzo ba ne. Ji ya yi kamar shi da hannunsa ya rufe wa kansa ƙofa.

Washegari, gajiya ta kora shi bayan rumfunan shinkafa, inda akwai wani ɗan tudu. A nan ya ga abin mamaki. Wata dattijuwa zaune ƙarƙashin babbar laima, gabanta tebur, a kan teburin waya ɗaya ɗaure da igiya. Ga layin mutane. Kuma ba wasu ba ne, su ne dai waɗanda suka ce masa ba su da komai. Alhaji Labbo da kansa ya manna wayar a kunne yana ɗaga murya, yana tambayar wani a Legas yadda shinkafa ta kwana.

Sunan matar Laure. A kan tudun nan ne kawai sabis ke tsayawa, shi ya sa ta kafa laimarta a wurin. Ba ta yi boko ba, amma lambobin abokan cinikin kasuwar duk suna kanta. In an kira wani daga Ibadan ko Onica, ƙwala masa kira take yi, ya baro rumfa da gudu.

Ta dubi Dikko sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, taho ka shiga inuwa. Kwana huɗu nika ganin ka kana gasuwa. Mi anka aiko ka yi?"

Ya ce, "Inna, ƙidaya ta. So aka yi a san 'yan kasuwa nawa ka amfani da waya. In ban kai takardun ga cike ba, aiki ya wuce ni har abada."

Ta tambaye shi shekarunsa, ya faɗa. Sai ta juya ga mutanen layi ta ce, "Ku dibi takalminshi. Kun taɓa ganin mai haraji da takalmi ɗinke da wayar ƙarhe? Ku ba shi amsa, in wani abu yab biyo baya ku taho gare ni."

Aka yi dariya. Alhaji Labbo ne ya fara zama.

A nan kuma wata sabuwar matsala ta taso. Dikko ya karanta tambayar farko, Labbo ya ce ba shi da waya, kuma gaskiya ya faɗa. Umarni ya ce a tsallake shafi biyu. To amma shafukan nan biyu su ne ke tambayar sau nawa mutum yake ciniki ta waya, da wa yake magana, ko yana jin farashi ta waya kafin ya loda mota. Mutumin da ke zaune gabansa kuwa sau uku a rana yake yin haka. In ya bi umarni, takarda za ta ce kasuwar shinkafar Argungu ba ta san waya ba.

Ya san halin Malam Faruk sarai. Duk da haka ya cika shafukan. A saman kowane fom ya rubuta: ba shi da waya, amma da waya yake ciniki. Wurin lambar da za a samu mutum kuwa, kowa lambar Laure ya bayar, don ita ce lambarsa.

Mako biyu suka cika, Dikko ya koma Birnin Kebbi da fom hamsin da ɗaya, ko sittin ɗin bai kai ba. Tamba ya miƙa nasa sittin, tsaf, ba ko ɗigon maiƙo.

Ranar tantancewa aka tara su duka ashirin a ɗaki ɗaya. Malam Faruk ya yaba wa Tamba. Sannan ya ɗago ƙunshin Dikko da yatsa biyu, kamar wanda ya tsinto tsumma.

Ya ce, "Ku ga wanga. Na ce a tsallake, ya cika. Sannan mutum arba'in da uku, lamba guda. Malam Dikko, ko ƙarya za ka yi, ai ka yi ta da hankali."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Dikko ya miƙe. Ya ce, "Yallaɓai, ba ƙarya ba ta. Ka kira lambar."

Malam Faruk ya ga dama ta samu ya kunyata shi a gaban kowa. Ya jawo wayar tebur, ya buɗe lasifika, ya danna lambar. Ba ta shiga ba. Ya sake. Ba ta shiga ba.

Ya ce, "To, kun dai jiya. Ɗauki tarkacenka."

Abin da Dikko ya yi a nan, har yau in na tuna sai tausayi ya kama ni. Magidanci mai shekara kusan talatin da biyar ya durƙusa a kan siminti, a gaban waɗanda ya girme su da shekara goma. Ya ce, "Yallaɓai, don girman Allah. Wanga lokaci tana kai wayar caji wurin mai janareto, kullum haka taka yi kahin azahar. Ka ƙara sau guda ƙarhe biyu. In ba ta shiga ba, ni da kaina nika hita."

Malam Faruk ya taɓe baki ya ce ya ji.

Awa biyu da rabi Dikko ya yi a baranda. Ya yi sallar azahar, bai san surar da ya karanta ba. Tunani iri-iri: in janareto ya lalace fa? In sabis ya ɗauke, kamar yadda yakan yi yini guda? In Laure ba ta jin daɗi ta zauna gida? Rayuwarsa kaf tana rataye a kan waya ɗaya da ke garin da ba ya iya gani.

Ƙarfe biyu aka koma ɗaki. Malam Faruk ya danna. Shiru. Sai ƙara ta farko, ta biyu, ta uku.

"Salamu alaikum, wa ka magana?"

Malam Faruk ya gyara zama. Ya zaro fom daga tsakiyar ƙunshin, ba tare da ya duba ba, ya ce yana neman Sama'ila mai albasa. Sai aka ji muryar Laure ta yi nisa tana ƙwala kira. Minti ɗaya bai cika ba wani ya zo yana haki, yana tambaya ko mutumin Ibadan ne.

Malam Faruk ya karanta masa tambayoyin. Sau nawa kake kira a mako? Wa kake kira? Duk abin da Sama'ila ya faɗa, shi ne a rubuce a takardar.

Ya zaro wani fom. Aka kira Yari mai kifi, ya zo. Aka kira Alhaji Labbo, ya zo, har ya ƙara da faɗa cewa ana tsayar masa da lodi. Mutum goma sha ɗaya a jere, ba wanda aka rasa. Masu dariyar ɗazu kowa ya sunkuyar da kai.

Laure ta karɓi wayar ta ce, "Yallaɓai, saura talatin da biyu, ga su nan sun yi layi. In kira su?"

Ya ce a'a, ya isa.

Ta ce, "To ka jiya. Yaron ga kwana goma yay yi cikin rana yana tambayarmu ɗaya bayan ɗaya. In ba ku son shi, ku maido muna shi."

Malam Faruk ya ajiye wayar a hankali. Bai kalli kowa ba, ya jawo ƙunshin Tamba. Lamba goma ya gwada. Tara babu su a duniya, ta goman kuma wani mutum ne ya ɗauka, ya ce shi ko sunan Argungu bai taɓa ji ba. Tamba bai jira an ce ya fita ba.

Shugaban ya daɗe yana juya fom ɗinsa, wanda yake alfahari da shi. Sannan ya ce, a gaban kowa, "Da an bi tsarina, da mun rubuta mutum biyu cikin hamsin ka amfani da waya kasuwar ga, alhali arba'in da biyat na. Tambayata ta ab ba daidai ba. Taho, Malam Dikko, zamna bisa kujera."

Bayan wata guda aka manna sunaye biyar a allon ofis. Dikko ya tsaya daga nesa, ya kasa matsawa, sai da mai gadi ya kama hannunsa ya kai shi gaban allon. Sunansa ne na farko. Ya karanta sau uku, sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa ya yi kuka. Saura kwana goma sha biyu ya cika shekara talatin da biyar.

Darasi: Duk lambar da ka rubuta a takarda, mutane ne a bayanta, kuma akwai ranar da za a kira su su amsa. Ƙarya takan zo a tsaftace, gaskiya kuma ta zo da gumi da ƙura, amma ita ce ke ɗaukar waya idan an kira. Kai kuma da ke sama, kada ka yi wa na ƙasa dariya kafin ka bincika, wataƙila tambayarka ce ba daidai ba. Ku tura wa duk wanda aka ba amanar aiki a inda ba mai ganinsa.